Gurbin da Aka Kafa Jiniya

Rana ta yi ja, kaji sun fara shiga akurki, amma ba a gama gardamar inda za a kafa jiniya ba. Sati biyu ke nan da ɓarayi suka haura gidan makanike suka yi awon gaba da janareta, shi ya sa ya sayo ƙararrawar ɓarayi, ya ɗauko mai gyaran wuta ya haɗa masa.

Shi makanike so yake a sa ta saman ƙofar gida, kowa ya gani ya shiga taitayinsa. Mai gyaran wuta ya ce a'a, duk inda hannu zai kai, almakashi ma zai kai. Sai wuri mai tsayi, wanda ruwan sama ba ya duka. Ya zaga gidan sau biyu da tsani a kafaɗa, ya tsaya a kusurwar baya, inda kwanon rufi ya yi wa bango inuwa. Akwai wani ɗan gurbi can sama, mai sanyi ko da tsakar rana, ko gizo-gizo bai taɓa saƙa a cikinsa ba.

"Kamar don ita aka yi shi," in ji shi.

Kaka, mahaifiyar makanike, tana alwala a bakin rariya. "Me kuka ce za ku kafa mana? Jinniya?"

"Jiniya, Inna, jiniya!" in ji makanike. Aka kwashe da dariya, har da Auta, 'yar makanike mai shekara goma sha uku, da ke kwashe shanya.

"Ko ma mece ce, ku bari sai gobe. Ba a huda bango da magariba. In ya zama dole, a yi bismilla, a ce masu wurin su gafara."

Mai gyaran wuta sauri yake yi. Ya hau tsani, ya huda, ya ɗaure, makanike ya danna don a gwada. Ƙarar sai da ta sa jaririn maƙwabta kuka. Aka kashe. Kaka ta ɗauki butarta ta shige ɗaki.

Washegari da magariba jiniya ta tashi ita kaɗai. Aka duba, ba kowa. Kwana na biyu ma haka, har da ruwan duwatsu a kan kwano, ƙanana, masu ɗumi kamar daga toka aka tsamo su. Makanike ya tsinke wayar da hannunsa. Ran na uku, ana kiran sallah, ƙarar ta sake tashi, amma daga ɗakin Auta. Suka same ta zaune a ƙasa, baki buɗe, ido a kafe, ƙarar tana hawa tana sauka daga maƙogwaronta.

Kwana tara ana haka. Asibiti suka ce lafiyarta ƙalau. An cire jiniyar, an toshe ramukan da siminti, duk a banza. Kullum in yarinyar ta farfaɗo, sai an ƙara ɗaga murya kafin ta ji abin da ake ce mata. Uwarta ta rame ta fita hayyacinta. Mutumin da ya so tsare gidansa daga ɓarayi, ga shi zaune a ƙofar ɗakin 'yarsa ya haɗa kai da gwiwa, bai san wa zai kama ba.

Ran na goma Kaka ta aika aka zo da wani tsohon malami mai sanyin magana. Ya zauna kusa da kan Auta ya yi ta karatu, har ƙarar ta yanke. Muryar wata mace, a gajiye, ta fito daga bakin yarinyar.

"Ya isa, malam. Ina jin ka."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Shekara arba'in ina gurbin nan, ko gishiri ban taɓa ɓarar musu ba. Ɗana yana barci suka huda ba sallama, suka kwarara masa wannan bala'i a kunne. Yanzu ina kiransa ba ya waiwayowa."



"Ba da sani aka yi ba," in ji malam. "Ki yafe, ladanki na wurin Allah."

"Tafiya zan yi, zama ya ƙare mini a nan. Amma kunne da kunne. Rabin jinta na hannuna, saura rabi."

Malam ya koma karatu har gumi ya jiƙa masa riga. Auta ta yi ta birgima, jini ya fara tsattsafowa daga kunnenta. Malam ya tsaya, ya dubi makanike.

"In na matsa za ta fita. Amma ban san abin da za ta bar muku ba."

Makanike ya matso a durƙushe. "Ni na sayo ta, ni na danna. Ki sakar mata nata, ki ɗauki nawa."

"Baban Auta!" Matarsa ta riƙe masa hannu. "Da kunnen nan kake gane ciwon mota, da shi kake ci da mu!"

"Kada ka yi alkawari da su," in ji malam.

"Na riga na faɗa, malam."

Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Can ta buɗe ido. Uwarta ta kira sunanta a hankali, kamar raɗa, yarinyar kuwa ta waiwaya nan take. Sannan ta nemo ubanta da ido, leɓunanta suka motsa, suka sake motsawa. Ya gane "Baba" take cewa daga yadda bakin ya rufe ya buɗe sau biyu.

"Na'am," ya ce, bai ma ji fitar muryarsa ba.