Sef ɗin da Datti Ya Binne

Ana gab da kiran magariba, Indo tana tsugune bakin murhu tana tuƙa tuwo, dutse na farko ya faɗo tsakar gidan. Ta ɗaga kai ta dubi katanga, ba ta ga kowa ba. Kaji sun daina kiwo sun tsaya cik. Dutse na biyu kuwa a kan idonta ya fito, ta tagar ɗakin maigida, ɗakin da yake kulle da kwaɗo tun safe.

Mijinta, Alhaji Datti, mai sayen gyaɗa ne a Ajingi. A kakar shekarar da aka gama yaƙin basasa, ɓarayi suka huda bangon wani abokin sana'arsa a Gafasa, suka bar shi da tabarma kawai. Abin ya tsaya wa Datti a rai, don ban da nasa, akwai ajiyar mutane a hannunsa. Ya hau mota ya tafi Kano neman sef, akwatin ƙarfen nan na ajiya. Mai shago ya nuna masa iri biyu.

“Wannan a tsaye yake, jingina shi ake yi da bango, amma ƙarti huɗu za su iya cicciɓarsa. Wannan kuwa, Alhaji, binne shi ake yi, a zuba siminti, a shimfiɗa tabarma a kai. Ko gobara ba ta kai masa.”

Datti ya zaɓi na binnewa.

Barau magini ne ya haƙa ramin a kusurwar ɗaki ta gabas. Da ya kai zurfin gwiwa sai ya tarar da wata 'yar kafa mai faɗin tafin hannu, bakinta sumul kamar an yaɓe shi. Iska mai ɗumi tana fitowa daga ciki, da ƙaurin hayaƙi.

“Alhaji, da mun ɗan matsa gefe.”

“Ramin gafiya ne. Ɗora kawai.”

Aka ɗora, aka zuba siminti. Kwana uku bayan nan jifan ya fara.

Kullum da almuru yake zuwa. Daga baya jifan ya tsaya, sai kuka ya maye gurbinsa, kukan jariri, siriri, yana tasowa daga ƙarƙashin tabarma. Mutanen gida suka daina cin tuwo a tsakar gida. Datti ya koma kwana a zaure, amma ya hana a faɗa wa kowa, don faɗin maganar tona inda sef ɗin yake ne.

Ran kwana na tara, 'yarsu Barira ta shiga share ɗakin da la'asar, ba ta fito ba. Indo ta leƙa ta same ta durƙushe a kusurwa, ta yaye tabarma, tana ƙwaƙular siminti da farce. Yatsunta duk jini. Da ta waiwayo, Indo ta ga idon da ba ta sani ba a fuskar 'yarta. Mata uku suka kasa janye ta daga wurin. Ta kwana biyu haka, ba ci ba sha.

Sai a lokacin Datti ya aika garin Kademi a ɗauko Malam Abdulsalam, wani dattijo da ya san sha'anin mutanen ɓoye. Ya iso rana ta yi ja. Ya yi alwala, ya zauna nesa kaɗan da yarinyar, ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi. Can Barira ta miƙe zaune, ta yi magana da muryar babbar mace, murya dasasshiya kamar ta wadda ta gaji da kuka.

“Malam, daina ƙona ni. Ba da kai nake ba.”

“Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?”

“Ba ta yi min komai ba. Ubanta ne. Tun wurin nan yana kurmin tsamiya muke zaune a ƙasa. Na fita ɗebo ruwa, na dawo na tarar ya toshe min ƙofa da ƙarfe. Mu ba ma ƙetare ƙarfe. Ɗana yana ciki, ko yaye shi ban yi ba.”

Indo ta toshe baki da mayafi.

“Na yi jifa don su ji, suka yi shiru. Sun ji kukansa, suka yi shiru. To, ya riƙe nawa, na riƙe tasa.”

“Idan aka ɗaga ƙarfen, za ki sake ta?”

“In na same shi da rai. In ba haka ba, da ita zan tafi.”

“Ba za ki tafi da ita ba. Ubangijinmu ɗaya, ba ya kama wani da laifin wani. Ki rantse da Shi za ki fita, ko me kika tarar.”

Muryar ta ce, “Na rantse. Amma ku yi sauri. Tun jiya ban ji shi ba.”

Malam ya dubi Datti. Datti ya dubi ƙofar gida, inda maƙwabta suka fara taruwa. Ya tashi da kansa ya buɗe musu, ya ce a kira Barau, kowa ya zo da diga.

Ana kiran magariba suna fasa siminti. Mutum shida suka sa sanduna suka banƙaro sef ɗin, suka kifar da shi gefe. Wata iska mai zafi ta bi ta tsakanin ƙafafunsu ta shige kafar. Barira ta yi atishawa sau uku, ta zube a jikin uwarta.

“Inna, yatsuna zafi,” ta ce da muryarta.

Kowa ya tsaya yana sauraro. Ba a ji kuka ba, ba a ji komai ba. Malam ya ce a bar ramin a buɗe, a toshe ƙofar ɗakin da tubali, kada a ƙara kwana a ciki.

“Malam, ta same shi da rai?” in ji Datti.

“Wannan ba a nuna mana ba.”

Barau ne ya matso da fitila wajen sef ɗin don a ɗaure masa igiya a fitar da shi. Sai ya ja da baya yana salati. A gindin ƙarfen, gefen da ya fuskanci ƙasa, akwai shaidun tafukan hannu ƙanana, birjik, sun lotsa ƙarfen kamar an danna ɗanyen yumɓu.