Kwarton da ke Cikin Waya

Wanda ya tura wa Mai Gilashi muryar nan ya san abin da yake yi. Ba zan kama suna ba, amma ya sani, kuma da gangan ya yi.

Mai Gilashi dai mutum ne mai yanka gilashin taga, ba shi da wani abin sha'awa a duniya sai kallon tsuntsaye. Da sanyi ya shigo, baƙin tsuntsaye suka sauka bakin ruwa, sai ya rufe shago ya rataya madubin hangen nesa. Zalɓe, shirwa, tsattsewa, duk ya san su da kuka tun kafin ya gan su. Shi ya koya wa ƙanensa Ticha wannan harka. To, a sanyin bana Ticha ya ɗauki hoton wata mujiya a kan wayar lantarki, 'yan ƙungiyarsu ta masu kallon tsuntsaye suka yi ta yabo, har wani ya ce ƙane ya wuce wa. Wannan magana ta tsaya wa Mai Gilashi a wuya. Ga mujiya biyu a kogon bishiyar bayan gidansa, mace na kwance a kan ƙwai, amma namijin ya ƙi tsayawa a ɗauke shi.

Sai ga saƙo a wayarsa: kukan namijin mujiya. Kowane mai kallon tsuntsu ya san wannan kuka na jawo namiji, amma ba a kunna shi a lokacin kwanci. Shi ma ya sani. Da rana ta faɗi ya buɗe tagar ɗakinsa, ya ɗora wayar a bakinta, ya kunna.

Kurciyoyi suka yi tsit. Iska ta tsaya. Wani abu fari ya gifta tagar ba ko motsin fiffike, ya sake giftawa, ya ɓace kafin ya ɗaga kyamara. Washegari ya sake kunnawa. Rana ta uku ma haka.

Daga nan aka fara jifa. Kullum rana na faɗuwa sai tsakuwa ta sauka a kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Gilashin da ya jingina a tsakar gida ya tsage ba wanda ya taɓa shi. Matarsa ta ji ana zagaya ɗaki ana tambaya ƙasa-ƙasa, “Ina yake?”

Auta, 'yarsu da ke karatun jinya, tana wanke kwanuka wata yamma sai ta tsaya cak. Ta juyo da kai a hankali, ya wuce inda wuyan mutum ke tsayawa. Idonta bai ƙifta ba.

“Baban Auta,” in ji uwar, “wannan ba 'yata ba ce ke kallona.”

Aka kira Malam, wani tsoho mai ƙarancin magana. Ya zauna gaban yarinyar ya yi ta karatu har duhu ya fara cin kusurwoyin ɗakin. Sai ta buɗe baki, muryar namiji ta fito, a shaƙe.

“Ku fito mini da shi.”

“Da wa?” in ji Malam. “Kai wane ne?”

“Ni ne mijin ta cikin kogo. Tun kafin a kafa tubalin gidan nan nake wurin. Na fita nema mata abinci, in dawo in ji ƙato yana kira a ƙofata. Na tambaye ta, ta ce ba ta san shi ba. Ƙarya take! Na daina kai mata ko ɓera ɗaya. Daga wannan taga yake kira. Ku ba ni shi, ko in zauna a jikin 'yarku har ta bushe yadda tawa ke bushewa.”

Malam ya juya ya dubi Mai Gilashi. Hannu kawai ya miƙa masa. Mai Gilashi ya ciro wayar, ya kunna, ya ɗora masa a tafi. Kukan ya cika ɗakin. Auta ta zabura, ta leƙa ƙarƙashin gado, ta leƙa bayan ƙofa, sannan ta dawo ta ƙura wa ɗan abin da ke tafin Malam ido.

“Ga kwartonka,” in ji Malam. “Ba fiffike, ba jini. Ka bar matarka da yunwa saboda wannan.”

Auta ta ja da baya. Da muryar ta dawo, ta yi sanyi, amma ba ta huce ba.

“Me ya sa ya yi mini haka?”

“Hoto nake so,” in ji Mai Gilashi. “Wanda ya fi na ƙanena.”

“To a ba ni idon da yake leƙe da shi.”

“Ba ka da haƙƙin ido,” in ji Malam. “Za a goge muryar a gabanka. Za a toshe tagar. Ba zai dubi bishiyarka ba har 'ya'yanka su tashi. Kai kuma ka sake ta yanzu, ka je ka ciyar da iyalinka.”

Aka goge. Auta ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta, ta ce tana jin ƙishirwa. A waje wani abu fari ya tashi daga kan kwano.

Mai yanka wa mutane taga, shi ya buga katako a tasa da hannunsa. Bazara ta zo, yana zaune a ɗaki mai duhu yana jin 'yan mujiya suna huci a kogo, bai ɗaga kai ba. Auta ta koma makaranta lafiya lau.

Ranar da 'yan mujiyar suka fara tashi, hoto ya shigo ƙungiya: 'ya'ya uku fari tas a bakin kogo, uban yana tsaye a kansu. An ɗauke shi ne daga kan katangar bayan gidan, wurin da baƙo bai san ana hawa ba, sai ɗan'uwan mai gida. Aka yi ta yabo.

Ni ban ce ga wanda ya turo muryar ba. Amma kai mai karatu, ka ga hoton, ka san mai hawa katangar. In kana da bakin musu, musa.