Geron Auren Shahida

A kasuwar Gwiwa Ukasha ya fara ganin Shahida, tana tsugune tana ciniki da mai albasa. Ya yi dariya, ya zaro kuɗi zai biya mata.

"Mayar da kuɗinka, Malam," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ba rashi ya sa nake ciniki ba."

Tun daga ranar ya san hanyar gidansu a Kazaure. Shi mai gyaran babur ne, yana samu, amma abin da ya shigo masa da safe ba ya kai la'asar. Ita kuwa tela ce. Mahaifiyarta, Hajja Kaka, ta ƙi amincewa.

"Yaron nan hannunsa a huje yake. Kwalliyarsa za ki dafa?"

Shahida ta tsaya masa. Ta koya masa raba abin da ya samu: na cefane daban, na ajiya daban, na hidimar dangi daban. Da kaka ta yi, suka haɗa ajiyarsa da kuɗin ɗinkinta, suka sayi gero yana araha, suka jibge a shagonsa don shekararsu ta farko. Da wannan ta shawo kan Hajja.

Kullum sai ya turo mata saƙo: "Hasken idona, geronmu na gaishe ki. Yau ko lemo ban sha ba."

"Allah ya bar min kai, Ukashana," take amsawa.

Da biki ya matso, Hajja ta ce sai ta ga geron da idonta. Suka je babu sanarwa. Babu komai a shagon sai buhu ɗaya, shi ma rabi. Ukasha ya sunkuyar da kai. Ashe tun watanni ya sayar, ya ɗinka shadda, ya yi liƙi a bikin abokinsa a Roni.

"Na yi niyyar mayarwa, wallahi."

"Ba geron ke min ciwo ba," in ji Shahida. "Saƙonnin ne. Kana rubuta min yana gaishe ni, alhali babu shi. Ni kuma ina kai wa Hajja ta karanta."

Ta daina ɗaga wayarsa. Aka ɗage biki. Har damina ta wuce ba ta leƙo zaure ba.

Ukasha ya sayar da shaddar da babbar wayarsa. Bai ƙara rubuta mata alkawari ba. Duk ranar kasuwa sai ya ɗauro geron da ya iya saya a babur, ko tiya biyu ce, ya durƙusa gaban Hajja ya ajiye, ya tafi.

Wata rana Hajja ta dubi 'yarta ta ce, "Na faɗa miki halinsa ban yi ƙarya ba. Yanzu ma ba zan yi ba: yaron ya canja."

Da Ukasha ya sake zuwa, Shahida ta fita zaure. Ya rame.

"Har yanzu ina jin haushinka," ta ce.

"Na sani. Ki ji a gidanmu."

Ta juya fuska don kada ya ga murmushinta.

Bayan kaka aka ɗaura aure, babu makaɗa, babu liƙi. Hajja Kaka ta dafa kan 'yarta, hawaye na zuba: "Allah ya sa albarka a kaɗan ɗinku, ya hana ku ɓoye wa juna komai."

Amarya ta ce amin a ƙarƙashin mayafi.