Sharaɗin Tsohuwar Gidan Middelburg

Ranar da abin ya fara, Mimoun ya sauko daga jirgin ƙasa duhu ya riga ya rufa, ana yayyafi. Yana zura makulli a ƙofa sai tsakuwa ta faɗo gabansa, sai wata, alhali babu kowa a layin. Daga ciki ya jiyo 'yarsa Wiam tana dariya da wani. Ya shiga ya same ta ita kaɗai a kicin, ta zuba abinci faranti biyu, ɗayan har an taɓa.

"Ke da wa?"

"Babu kowa, Baba."

Tun rasuwar matarsa Fadma, gidansu na birnin Rotterdam ya fi ƙarfin zuciyarsa, haya kuma ta fi ƙarfin aljihunsa. Ya daɗe yana aunawa. A garin Middelburg gida da sauƙi, amma aiki sai na zaɓar albasa a kamfani, shi kuwa matuƙin injin ɗaga kaya ne a tashar jiragen ruwa, aikin da yake taƙama da shi. Sai ya raba ƙafa: kwana a Middelburg, aiki a Rotterdam, jirgi ya cinye sauran yinin. Ranar tarewa ma a gurguje yake. Da Fadma na raye, da ta yayyafa madara da gishiri a kowace kusurwa, ta nemi izinin masu gidan da ba a gani, kamar yadda ake yi a ƙauyensu na yankin Rif, can ƙasarsu. Shi ko sallama bai yi ba.

Abu ya yi ta gaba. Jifa a kan rufi, takun tsohuwa a bene, Wiam sai ramewa take. Wata rana ya dawo, ta ɗago ta dube shi da idon da ba nata ba, ta ce da muryar tsufa, "Baƙo, wa kake nema?"

Ya ɗauko Si Allal, malamin da ya yi wa Fadma salla. Malam ya zauna ya yi ta karatu har tagogi suka yi baƙi, sannan yarinyar ta sandare.

"Ke wace ce?"

"Mai gida. Ina nan tun kakan wannan bai san teku ba."

"Don bai gaishe ki ba kika kama marainiya? Ko kunya babu?"

"Haba, malam. Don rashin gaisuwa na yi jifa, na huce. Yarinyar ce ta kira ni. Kullum rana ta faɗi tana zaune tana ba bango labarin makaranta, tana kukan uwarta. Na gaji da ji, na amsa. Laifi ne?"

Mimoun ya sunkuyar da kai.

"Fita za ki yi," in ji malam.

"Zan fita. Amma magariba ta riƙa samun ubanta a gida. Duk ranar da ba ya nan, in ta kira, zan amsa, kuma ba zan sake sakinta ba."

Lokacin sanyi ne, rana na faɗuwa tun ba a tashi daga aiki ba. Babu jirgin da zai kawo shi. Si Allal ya juyo a hankali. "Ɗana, wannan ba ta karatu ba ce. Taka ce."

"Na yarda," in ji Mimoun.

Wiam ta yi atishawa, ta faɗi a jikinsa tana barci. Ba a sake jifa ba.

Ya ajiye aikin tashar, ya kama na albasa. Ranar farko ya shigo da sauran haske, hannunsa na yaji, baƙin ciki fal ransa. Suka zauna shi da 'yarsa. Can Wiam ta share ido da bayan hannu.

"Na yi kewar tsohuwar, Baba. Ita kam takan tambaye ni yadda na wuni."

Mimoun ya buɗe baki, sai ya ga ko sunan ƙawarta ɗaya bai sani ba.