Kwanon Tuwo a Gidan Makoki

Ƙarfe bakwai na safe Tsantseni ta buɗe jan idonta a saman allon kowane aji, ta soma darasin yau da muryarta mai sanyi kamar ƙarfe: duk abin da ya fita daga hannun ɗalibi ya shiga hannun malami, toshiya ce.

Shekara uku ke nan da hukumar birnin Sabon Tudu ta kafa na'urar a makarantun sakandare, don a reni yaran da ba su san cin hanci ba. Kowane ɗalibi yana sanye da awarwaron lantarki da ke gaya mata abin da hannunsa ya ɗauka da inda ya ajiye. Ba ta barci, ba ta jin roƙo.

Malam Tanimu, malamin kimiyya, ya dawo aiki ran nan bayan sadakar bakwai ta matarsa. Bai ko zauna ba aka kira shi ofis.

Shugabar makarantar, Hajiya Lantana, ba ta yi masa gaisuwa ba. Juya masa allon kwamfuta ta yi, ta ce ranar Talata ɗalibai tara 'yan ajin ƙarshe sun kai tuwo da miyar kuka gidansa, alhali takardun jarrabawarsu suna hannunsa. Ya ce zaman makoki ake yi, iyayensu ne suka aiko su, kuma baƙi ne suka cinye.

"Malam, kada ka raina mini hankali. Ka karɓa ko ba ka karɓa ba?"

"Hajiya, mai makoki yana mayar da kwano cike?"

Ta ce wannan ba matsalarta ba ce. Na'ura tana jiran suna. In yaran ne suka tura masa, a kore su kafin jarrabawa. In shi ya nema, ya ajiye aiki yau.

Tanimu ya dubi jan idon da ke bango, ya ce shi ya nema.

Da ya fito rungume da littattafansa, ƙafarsa ta zame a matakala, ya zube. Ɗalibai sun fi hamsin a wurin, har da taran nan. Saratu, wadda ta ɗauko kwanon a ka, ta yi taku ɗaya, ta dubi awarwaronta, ta mayar da hannu baya.

Shi kaɗai ya tsince takardunsa, gwiwarsa na jini.

Da azahar Tsantseni ta sanar cewa makarantar ce ta ɗaya a tarbiyya a duk birnin.