Fayil Ɗin da Ya Ɓata Rana ta Goma Sha Huɗu

Ƙarfe tara na safe aka kira Sufeto sabon ofishin da gwamnati ta buɗe don gaggauta ba manyan masu zuba jari izini. An fasa taga, an sace fayil guda.

Injiniyar da ta kai ƙara sai huci take yi.

"Rahotona ne, yallaɓai. Masana'antar rini za a gina, gubarta kuma rijiyoyin unguwa uku za ta gangara. Sabuwar doka ta ce in kwana goma sha huɗu suka cika ba a buga wa ƙorafi hatimi ba, izini ya fita da kansa. Jiya na kawo, aka ce hatimi sai da safe. Yau ne na sha huɗu, ƙarfe huɗu ake tashi."

"Ba ki da kwafi?"

"Na asali kaɗai suke karɓa. Sake gwajin ruwan mako uku ne."

Sufeto ya leƙa tagar. Gilashin duk waje ya zube. Wane irin ɓarawo ne zai fasa taga daga ciki, ya tsallake kwamfuta shida ya ɗauki takarda? Ransa ya ɓaci, don ya tsani a raina masa hankali.

Daraktan ofishin ya tarbe shi da murmushi. "Ni tun ƙarfe biyu na fita taro jiya. Ku matsa wa maigadi, ɓarayin nan da su ake haɗa baki."

Maigadi ya rantse bai ga kowa ba. Da ya ji a kansa ake shirin juye laifin, sai idonsa ya yi ja.

"Ni? Shekara ashirin ko allura ban ɗauka ba! To Darakta ya dawo dab da tashi, na gan shi ya sauka ɗakin tsofaffin fayiloli da abu a hammata."

Wata dattijuwa ce ke kula da ɗakin, mai tsaurin ido.

"Inna, an kawo miki wani abu jiya?"

"Ɗana, ko minista ne, fayil ba ya shiga nan sai da takardar ajiya." Ta zaro ta daga ƙusa. Ga sa hannun Darakta raɗau, har da kwanan wata.

Sai ƙarfe uku da rabi aka tono fayil ɗin cikin na matattun ma'aikata. Sufeto ya buga shi a teburin Darakta.

"Ka iya fasa taga, amma ka kasa ƙona takarda?"

"Takardar gwamnati ce, ba a ƙonawa," in ji Darakta. "Aikin farko ne a sabuwar doka. An ce in ya wuce kwana sha huɗu izini bai fita ba, kujerata ta tafi. Kwana ɗaya kawai na so ya ɓata."

"Kwana ɗaya!" Injiniya ta daka masa tsawa. "'Ya'yan mutane su sha guba shekara hamsin saboda kujerarka? Allah ya isa!"

Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya danna wa Darakta ankwa zai ja shi.

"Dakata," in ji Sufeto. "Wa doka ta ce ya buga hatimin?"

"Ni kaɗai."

Sufeto ya tura masa fayil ɗin. Da hannu biyu a ɗaure Darakta ya ɗaga hatimin ya buga, saura minti bakwai a tashi. Sannan aka fita da shi ta gaban maigadi, wanda ya buɗe ƙofa har ƙarshenta bai ce masa a sauka lafiya ba.