Koren Awarwaron Shewanti

"Dakata! Kada ka zuba shi!"

Shewanti ta faɗo rumfar masu awarwaro a Bombay, ba ko takalmi.

Tsoho Bhiku bai daina juya tukunya ba.

"’Yata, wuta kike nema?"

"Fim ɗinmu... gwangwani bakwai. An ce kai ka saya."

"Na bebaye? Tunda fim mai magana ya fito, wa ke kallonsu? Mu tatse azurfar da ke jikin fim ɗin, sauran mu yi wa mata awarwaro."

A wajen ɗaukar fim ɗin nan ta san Narhari, abokin wasanta. Ba a ɗaukar murya, saboda haka ɗan wasa na faɗin abin da ya ga dama, baki dai ya motsa. Wasu hirar farashin albasa suke yi. Shi kuwa, ana juya na'urar ɗaukar hoto, ya riƙe hannunta.

"Hasken idona, ba wasa nake ba. Ki aure ni."

Duk Bombay ta ga leɓensa. Ita kaɗai ta ji.

Yayanta Gajanan ya hana. Ya ce ɗan rawa ba ya shiga gidansu. Manjula, wadda ta so Narhari bai kula ta ba, ta ƙarasa aikin.

"Ke ma an yi miki? Haka yake gaya wa kowace!"

Shewanti ta yarda. Ta mayar masa da wasiƙunsa a rufe.

Da damina Narhari ya faɗo daga doki wajen ɗaukar wani fim. Bai tashi ba. A wurin ƙona gawa Manjula ta fashe da kuka.

"Ƙarya na yi... ke kaɗai ya gaya wa."

Bai bar hoto ko ɗaya ba, sai fim ɗin.

"Baba, gwangwani na biyar kawai," in ji Shewanti. "A cikinsa ya yi mini maganar. In ga bakinsa sau ɗaya."

Bhiku ya ajiye muciya.

"Shekaranjiya ya narke. Ga abin da ya zama."

Ya ɗaga tire. Korayen awarwaro ne, irin na amare.

Ta ɗauki ɗaya ta haska a rana. Ba fuska. Ba komai.

Ta miƙa hannu.

"Saka mini."

"Na matan aure ne, ’yata."

"Na sani."

A bakin ƙofar gida Gajanan ya ga awarwaron, ya kama hannunta.

"Wa ya aure ki, mara kunya?"

"Ya tambaya tun bara, Yaya. Yau na amsa."